Allah Ya Gyara Ka, 'Yata

A Samaru aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma na gaji rumfar abincin mahaifiyata da ke kallon katangar jami'a. Na gaji benci biyu masu rawa, da babbar tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu, da ɗaliban da ba su da wurin zuwa in ba wurina ba. Abin da ban gada ba shi ne halinta. Ita mace ce mai sanyin baki, ko ɗalibi ya kifar mata da miya sai ta ce masa sannu. Ni kuwa Ubangiji ya ba ni baki, na kuma ɗauke shi a matsayin baiwa, tunda fasto ya sha gargaɗinmu kada kowa ya binne baiwarsa. Ban binne tawa ba ko na yini guda.

Kalmar da na fi tsana a duniya a lokacin ita ce gyara. Ka zuba wa ɗalibi shinkafa da wake daidai kuɗinsa, ya tsaya da faranti a hannu yana karkata kai, ya ce, "Mama, a ɗan yi gyara mana." Sai in tambaye shi ko ubansa ne ya noma shinkafar. In ya ce mini yunwa yake ji, in tuna masa cewa rumfa ce nan, ba gidan marayu ba. Su yi dariya, su ci, gobe su dawo. Na daɗe ina ɗauka daɗin girkina ke dawo da su. Ban taɓa lura ba cewa rumfata ce ta farko in mutum ya fito daga ƙofa da yunwa, kuma ɗalibin da aka fi ni zaginsa a aji ba zai ji zafin nawa ba.

A coci kuwa ni babba ce. Ina cikin zumuntar mata, ankona kullum a goge, in aka ta da waƙa muryata ce ke kaiwa bakin titi. Lokacin shaida ne kaɗai ke ba ni haushi. Wannan ta tashi ta ce Ubangiji ya ba mijinta mota, waccan ta ce ɗanta ya sami aiki a Abuja, mu yi ta tafi har tafin hannu ya yi ja. Ni ina zaune ina lissafin shekarun da na yi ina share cocin nan ran Asabar, ina mamakin yadda aka yi sama ta ɓatar da adireshina. Addu'ata ɗaya ce safe da yamma: Allah mai tanadi, ka ƙara mini. Ban taɓa gajiyar da shi da wata buƙata dabam ba.

Sai aka shiga yajin aiki a jami'a, irin mai tsawon nan. Wanda bai zauna a Samaru ba ba zai san abin da wannan ke nufi ba. Ɗalibai suka kwashe jakunkunansu suka cika tasha, garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Masu aski suka koma aske junansu. 'Yan acaba suka jera babura a inuwa suna barci a kai. Ni na rage girki daga babbar tukunya zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa wadda nake dafa wa yara, har ranar da na zauna tun safe ba wanda ya leƙo sai akuyar maƙwabta. Na wanke babbar tukunyar na kife ta a tsakar gida, kaji suka mai da ita wurin hutawa.

Maigidana tela ne, shi ma ɗaliban ne kasuwarsa. Mutum ne marar yawan magana, ko kuwa in ce bai cika samun fili ba. Wata safiya yana sa wa keken ɗinkinsa mai, bai ko ɗago ba, ya ce in aka kai kaka ba a buɗe makaranta ba, za mu tattara mu koma ƙauyensu, akwai gona. Na ce masa ya maimaita. Ya maimaita. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba sai don kashe kunama, ni da kabarin uwata ke nan, cocina ke nan, rumfata ke nan. Na yi masa bayanin ƙauyensu tun daga rijiyarsu har zuwa danginsa ɗaya bayan ɗaya, ya saurara har na gama, ya ce, "To, kaka dai." Tsoro ya kama ni sosai a ranar, don na san in ya faɗi magana sau biyu ba ya janye ta.

A cikin wannan hali na hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari, wurin Mama mai manja. Dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, tun zamanin mahaifiyata a wurinta muke sayen manja da agushi da busasshen kifi. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa a wurinta namiji ne: ni "ka", mijina "ka", matar gwamna ma da za ta zo "ka" za ta samu. Ba na ganin laifinta sosai, mu ma a Zariya ba mu cika wahalar da kanmu wajen raba mace da namiji a magana ba. In ta gama auna maka manja sai ta ƙara ɗan tsiyaye a kai ta ce, "Ga jara," yadda mutanen kudu ke faɗin gyara. Na sha karɓar jararta ina ce mata manjan ya yi ruwa.

Ranar, maimakon jarka, ƙaramar kwalba na miƙa mata. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce, "'Yata, lafiya?" Ai kuwa kamar jira nake. Na fara da gwamnati, na gangaro kan malaman jami'a, na bi ta kan ɗaliban da suka ci abincina suka gudu ba ko sallama, na sauka a kan maigida da ƙauyensu. Har matan zumunta masu shaidar mota na ba su rabonsu. Ta bar ni na zazzage tas. Sannan ta goge hannunta a zani, ta kama nawa biyu, ta rufe ido a tsakiyar kasuwa, masu baro suna ta neman hanya, ta yi mini addu'a rabi da Hausa rabi da yarensu. Ta rufe da cewa, "A cikin sunan Yesu, Allah ya gyara ka, 'yata."

Na buɗe ido. Da ta ce "Allah ya gyara" ta tsaya nan, da na amsa, don haka kowa ke cewa in al'amura sun cakuɗe. Amma ta sa ni a ciki. Wa ake roƙa wa gyara? Ɗan da ya fi ƙarfin iyayensa, ko mashayin da ake tsinta a kwata. Ni, mai ɗaga murya a zumunta? Na zare hannuna, na ɗauki kwalbata, na hana ta amin ɗin. Tun daga Sabon Gari har muka wuce Hanwa da Palladan ina cika ina batsewa, kwandasta ma da ya ga fuskata bai yi gardamar canji ba.

Na isa gida na ba maigida labari, ina jiran ya tashi ya nemi takalminsa ya je ya rama mini. Yana kan keke, ya cire zare daga bakinsa, ya ce a hankali, "Amin." Ya ce wai shi ya saba ne, in ya ji an ambaci sunan Yesu sai bakinsa ya amsa da kansa. Ranar bai ci tuwo da daɗi ba.

Matar fasto ce ta kwantar mini da hankali. Mace ce da ba ta son ganin ran kowa a ɓace, ko da gaskiya ce ta ɓata shi. Ta yi dariya ta dafa kafaɗata ta ce, "Haba, Maman yara, jara take nufi. Ƙari take roƙa miki, irin wanda ake yi a kan mudu. Hausar ce ta zame mata. Ba ki ji ma 'ka' ta ce miki ba?" Nan take na ji sanyi. Lallai kuwa, macen da ba ta san ni mace ce ba, ina za ta san bambancin a gyara mutum da a yi masa gyara? Na yafe mata, irin yafewar da ake yi wa wanda bai san komai ba. Na kuma sami labarin ba mutane dariya, duk inda na zauna sai na kwaikwayi muryarta.

Har addu'ar na ɗauka na mai da ita tawa, sai dai na gyara mata Hausa. Kullum in durƙusa in ce, "Ya Ubangiji, ka yi mini gyara." Don gudun kada a sake samun kuskure, nakan ƙara da bayani: "Irin na mudu nake nufi, ya Uba, wanda ake tulawa a kai." Ina ganin ko yaro ne zai gane.

Damina ta yi nisa, ba gyara ba dalilinsa. Maigida ya aika wa ƙaninsa a yi wa ɗakinsa na ƙauye sabon rufi. Ya fara ɗaure kayan da ba ma amfani da su a buhu yana jerawa a bayan ƙofa. Wata mata mai ba da hayar tukwane a gidajen biki ta fara biyowa tana gaishe ni, idonta a kan tukunyar uwata. Duk ranar da ta zo sai in ji kamar gawa ake zuwa dubawa.

Da manjan kwalbar ya ƙare, dole na koma Sabon Gari. Mama ba ta ta da zancen amin ɗinta ba. Ta auna, ta yi jara, sannan ta nuna mini bayan shagonta da haɓa. Can akwai garejin kanikawa da layin masu sayar da kayan gyaran mota, ga masu walda, ga masu faci. Matar da ke kawo musu abincin rana ta koma garinsu. "Ga gefen shagona," in ji ta. "Kawo tukunyanka ka zauna. Mutanen nan suna cin abinci kamar gobe babu."

A bas ɗin komawa na yi wa Ubangiji 'yar magana. Na ce, na roƙi gyara, na yi bayani dalla-dalla, ka tashi ka tura ni wurin masu gyara. Ashe matsalar Hausar nan ba a Sabon Gari ta tsaya ba. Amma buhunan da ke bayan ƙofa ba su bar mini zaɓi ba. Na fara dafawa a gida da sassafe, in cika kuloli da shinkafa da wake da teba da miyar agushi, in hau bas.

Ranar farko, wani bakanike ya miƙo faranti, hannunsa baƙi ƙirin da baƙin mai, ya ce, "Madam, ba gyara?" Bakina bai jira ni ba. Na ce ya fara gyara tsakaninsa da sabulu tukuna. Mama tana zaune tana ɓare agushi. Ta ajiye tire, ta taso, ta zare ludayin daga hannuna, ta nutsa shi cikin kulata har wuya, ta juye masa. "Ga jara, ɗana. Yi haƙuri."

Na ce, "Mama, abincina ne fa."

"Wurina ne," in ji ta. "A nan, in ka zagi mutum sai ka biya shi."

Na ɗauka wasa ne. Kafin la'asar na gane doka ce. Zagi ɗaya, ludayi ɗaya. In zagin ya taɓa iyaye, har da nama. Tsohuwar da ke cewa gwiwa na damunta, in ta ji na buɗe baki sai ka ga ta iso kan kula kafin in rufe shi. Kanikawan nan kuwa ba su da tausayi, suka gano hanyar, suka riƙa tsokanata da gangan. Wani zai ce wakena bai nuna ba, ya miƙa faranti wajen Mama tun kafin in amsa. Waɗanda ba su da wasa kuma, in na gaya musu magana ba sa dariya irin ta ɗalibai. Su ajiye cokali su tsallaka wurin Bayerabiya mai amala ko wurin Hajiya mai tuwo, don Sabon Gari ba ta rasa mai abinci ba. Na riƙa komawa Samaru da kuloli wayam da jaka marar nauyi. Bakina ne ke cinye abincin, ni ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Ina so in ce wa'azi ne ya ratsa ni, ko wata aya ce ta faɗo mini a zuciya. Rowa ce. Duk ƙofofin da Ruhu Mai Tsarki ya ƙwanƙwasa a jikina shekara da shekaru a kulle ya same su, sai wannan, ta nan ya shigo. Na koyi haɗiye magana don in ceci shinkafata. In zagi ya taso mini har maƙogwaro, sai in cije leɓe in kama waƙar coci da hanci. Na yi waƙa a watannin nan fiye da duk rayuwata. Matan zumunta da suka biyo sayayya suka ji ni, suka kai labari cewa wahala ta kusantar da ni ga Ubangiji, ko ina sayar da abinci yabo nake yi. Ba su san kowane baiti da sunan wanda ya tsira a cikinsa ba.

Wani abu da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne, in baki ya rufe kunne yakan buɗe. Da can ban san mutane suna magana a wurin cin abinci ba, na ɗauka saurarona suke zuwa yi. Yanzu sai na fara jin wanda aka kora daga gidan haya, da wanda 'yarsa ta ci jarrabawa, da wanda ƙarfe ya faɗo wa a ƙafa yana ɗingishi yana aiki. Akwai wani dattijo mai faci, Musulmi, daga Hanwa yake zuwa. Kullum zai ci rabin farantinsa, ya juye sauran a leda ya cusa a aljihu. A makon farko na taɓa tambayarsa ko ɓeraye yake kiwo a gida, abin da ya jawo mini asarar ludayi guda da tsokar nama. Sai ina cikin waƙata wata rana na ji abokan aikinsa suna tambayarsa mai jiki. Matarsa ce ke kwance tun bara, ba ta iya tashi ta hura wuta, 'ya'yan duk sun yi nisa. In ya yi sallar azahar sai ya hau kekensa ya kai mata ledar, ya dawo bakin aiki.

Washegari ya miƙo faranti. Bai taɓa neman gyara ba, ko sau ɗaya. Na zuba masa daidai, sai na ga hannuna ya koma cikin kula ya sake cikowa, ya kuma lalubo ganda mai laushi wadda marar lafiya za ta iya taunawa. Ban zage shi ba, ba wanda ya ƙwace mini ludayi. Ya dubi farantin ya dube ni, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Na ce amin. Na ji daɗi, na kuma ji haushi don ba da shawarata aka yi ba. Na saci kallon Mama. Tana ɓare agushinta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Daga nan hannun ya saba. Ban ce na zama mala'ika ba, akwai ranakun da Mama ta tashi sau biyu ko uku. Amma labari ya zaga gareji cewa matar Samarun nan tana gyara, kuma ta daina cizo. Waɗanda suka gudu wurin mai amala suka fara dawowa, suna jawo wasu. Kuloli suka kasa. Mama ta ce in daina wahalar bas da abinci, in kafa murhu a bayan shagonta. Ranar da muka kori kaji daga kan babbar tukunya muka wanke ta, ni da maigida muka kinkime ta zuwa bakin titi. Kwandasta ya ce wannan ai fasinja ce, sai an biya mata kujera, ya ƙara da cewa ko gidan gaba ɗaya za mu kwaso. Na ji amsar ta taso mini, mai kyau ce ƙwarai, har yanzu ina jin takaicin asararta. Na ce masa, "Yi haƙuri, ɗana, za a biya." Maigida ya juyo ya dube ni har bas ta tashi bai sauke ido ba.

Kaka ta zo, makaranta ba ta buɗe ba. Wata Lahadi bayan mun dawo daga sujada, yara sun fita wasa, ya ce ƙaninsa ya aiko, an gama rufin ɗaki. Na yi watanni ina tanadin jawabin wannan rana, na jera shi tsaf, har da wuraren da zan tsaya in ja numfashi. Na zauna a kan tabarma na ji ba na son yin sa. Na ce, "Baban yara, in ka ce mu tafi, za mu tafi. Amma ina roƙonka mu zauna. Tukunyar tana ciyar da mu."

Ya zauna a gefen tabarmar. Sannan ya ce, "Kin san ba yunwa kaɗai ta sa na ce mu tafi ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Da ɗalibai suna nan, su suke ɗauke mana rabin bakinki, ki dawo gida a gajiye. Da suka tafi, ni da yaran nan muka gaje shi duka. Na ga autanmu ya fara ɓuya a bayan ƙofa in ya ji tafiyarki. Na ce a ƙauye aƙalla akwai gona, in kwashe su mu tafi tun safe sai yamma."

Bai faɗe ta da faɗa ba, da ma da faɗa ya faɗa da na san yadda zan yi da ita. Na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Shekara da shekaru ina tsaye a gaban Allah da mudu a hannu ina jiran a tula mini, ashe 'ya'yana ɓuya suke yi mini. Ya bar ni na yi mai isata. Da yamma na ga ya jawo buhunan daga bayan ƙofa yana kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayata inda ake ajiye kowane abu, kamar ba shi ya ɗauko su ba.

Makaranta ta buɗe daga baya, lokacin da ta ga dama. Na koma rumfata da safe, rana kuma ina Sabon Gari, don ban ga dalilin barin mutanen da suka riƙe ni ba. Wani ɗalibi da ya san ni tun da ya miƙo faranti ya ce a yi gyara, ya ɗan ja baya yana kare fuska don wasa. Na ƙara masa. Ya tsaya ya ce, "Mama, lafiya kuwa? Ko an kwantar da ke a asibiti ne da muka tafi?"

Da bikin godiya ya zo a cocinmu, a karon farko na rubuta sunana cikin masu shaida. Na gayyaci Mama, ta zo da ɗaurin kanta mai tsayi, aka ba ta kujera a gaba. Na tashi na ba da labarin tun daga kwalbar manja. Na ce wa jama'a su dubi ikon Allah: baiwar Allahn nan ta so ta roƙa mini jara, Hausa ta zame mata ta ce gyara, Ubangiji kuwa ya ɗauki kuskuren bakinta ya yi aiki da shi, ya gyara ni, sannan ya ciyar da gidana. Coci ya ɗauki tafi, mata suka yi guɗa, matar fasto tana share hawaye. Shaidata ta fi ta mota karɓuwa, na kuma lura da hakan sarai, don gyaran bai kai nan ba tukuna.

Bayan an tashi, ana rabon shinkafa a harabar coci, ni ce a kan tukunya. Mama ta matso da farantinta, ta jira layin ya ragu.

"Shaidanka ya yi daɗi," in ji ta. "Amma ka yi mini ƙarya a gaban Allah."

Na ce, "Wace ƙarya, Mama?"

"A Sabon Gari aka haife ni, tun uwanka bai kafa rumfa ba. Jara na san shi, kullum ina ba ka, kana cewa manjana ya yi ruwa. In jara nake so, jara zan ce. Gyara na ce." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Uwanka kafin ya mutu ya ce mini, yarinyan nan hannunsa yana da albarka, bakinsa ne zai kore. Tun ranan nake wannan addu'a. Ranan nan ne kawai ka ji."

Na tsaya da ludayi a hannu. Na tuna yawan wuraren da na kwaikwayi muryarta ana dariya, ga shi yanzu na ƙara da coci guda.

"Har yanzu ina yi," in ji ta. "Bai gama da kai ba. Allah ya gyara ka, 'yata."

Na ce, "Amin, Mama."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka mayar wa kayanta da suka daɗe a hannun mutane. Sannan ta miƙo farantin.

"To, yanzu sa mini jara."